Majalisar Goggo a Jidda: Nazarin Yadda Aka Sasanta Zane Iri Goma Sha Ɗaya a Ɗaki Ɗaya

A ranar da na fara shiga sabuwar majalisar goggona a Jidda, wato ɗakin da take karɓar baƙi, na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga zane iri goma sha ɗaya a cikin ɗakin da tsawonsa bai wuce mita 6 ba, faɗinsa kuma mita 4. Sana'ata ita ce ɗinkin labule da rigunan kujeru da matasai, kuma na daɗe ina yin ta a gidajen 'yan uwanmu Hausawa mazauna wannan birni, saboda haka idan aka kira ni gida, abin da idona yake fara nema shi ne wurin da zai sauka ya huta. A wannan ɗaki bai sami wurin ba. Wadda ta kira ni ita ce matar Yaya, babban ɗan Goggo, kuma ƙorafinta guda ɗaya ne, wato duk wanda ya zauna a majalisar na ɗan lokaci sai ya ji kansa ya yi nauyi, alhali kowane kaya da ke ciki mai kyau ne, wasu ma masu tsada ne ƙwarai.

Kafin a fahimci yadda kayan suka taru haka, dole a san tarihin gidan. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ta baro Kano tare da mijinta, Allah Ya jiƙansa, a shekarun 1980, suka zauna a unguwar Sabil da ke kudancin tsohon garin Jidda, a wani gida mai ɗan tsakar gida da ɗakuna da yawa. A can kowane kaya yana da muhallinsa: kwallaye suna ɗakinta, tumtum suna ɗakin maigida, faya-fayai suna rataye kusa da madafa. Da aka yi rusau a tsofaffin unguwannin birnin daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022, irin su Sabil da Karantina da Kandara, sai iyalin suka koma wani gidan haya a hawa na uku na wani bene, ita da Yaya da matarsa da 'ya'yansu uku. Ɗakin baƙi guda ɗaya ne a sabon gidan, don haka abin da a da yake warwatse a ɗakuna huɗu ya dawo ya haɗu a wuri ɗaya, ya tarar da kayan matar gida, ya kuma tarar da adon da mai benen ya riga ya yi wa bango da silin.

Ita kuwa matar Yaya haifaffiyar Makka ce, a unguwar Misfala ta tashi, kuma kakanninta suna cikin mutanen da suka yi gabas a ƙasa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Sudan shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya zuwa Hijaz. Hausarta tana gauraye da Larabcin Makka, kuma idonta ya saba da adon ƙasar da ta haife ta. Ita ce ta sayi jalsa, wato kujerun zaman ƙasa masu katifa da majingina, ta sa aka lulluɓe su kaf da yadi mai zanen sadu. Asalin sadu saƙa ce ta matan Larabawan ƙauye, wadda suke yi a masaƙar ƙasa da ulun tumaki da gashin raƙumi da na akuya, kuma an san ta da layuka da dala-dala masu kusurwa uku a launin ja da baƙi da fari da ruwan ƙasa. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya a 2020 da sunan Saudiyya da Kuwait. Wanda aka saya a gidan Goggo na masana'anta ne, irin wanda ya cika shagunan kayan ɗaki, amma a wurin mai shi yana nufin gida ne, kamar yadda rinin shuni yake nufin gida a wurin surukarta.

Ga yadda na tarar da ɗakin. A ƙasa akwai tayil mai jijiyoyin marmara, a kansa an shimfiɗa jan kafet na Turkiyya mai babban tambari a tsakiya da furanni zagaye, wanda Yaya ya saya da kuɗinsa a lokacin tarewa. Jalsa mai sadu ta bi bangon arewa da na yamma da rabin na kudu. Bangon huɗu duka suna sanye da takardar bango mai furannin ruwan zinari, silin kuma na jibs ne, wato farin yaɓen da ake yin ado da shi, mai taurari masu tsini takwas, da fitila mai canza launi a ɓoye a gefensa. Tagar ɗakin guda ɗaya ce, tana bangon gabas, an rufe ta da labulen atamfa kore da rawaya mai hoton tsuntsaye a cikin tashi. A tsakiya akwai tumtum huɗu na fata, aikin dukawan Kano, masu ja da baƙi da kore, biyu daga cikinsu da Dagin Arewa a sama. An warwatsa faya-fayai tara a bango, ɗaya nan ɗaya can, an yafa wani babban rinin shuni a bayan jalsa kamar mayafi, an rataya allon Ayatul Kursiyyu na zaren zinari a kan baƙin karammiski, sannan a kusurwa akwai kabad mai gilashi cike da kwallaye da samiru masu furanni, ragowar jeren auren Goggo. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma abin da ya sami ɗakin ke nan.

Abu na farko da na yi shi ne ɗaukar hoton ɗakin daga bakin ƙofa da wayata, na mayar da hoton baƙi da fari. Wannan dabara tana da amfani domin launi yakan ruɗi ido, amma da zarar an cire shi sai nauyin kowane zane ya fito fili, a ga wanda yake ihu da wanda yake raɗa. A hoton, kafet da jalsa da takardar bango da labule duk nauyinsu ɗaya ne, kuma su huɗun nan su ne suka rufe mafi girman fili a ɗakin. Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne girman zanensu ya kusa zama ɗaya: furen takardar bango taƙi guda ne, tsuntsun atamfa taƙi guda, furannin gefen kafet su ma kusan haka. Idan zane biyu suka yi daidai a girma suka bambanta a siffa, ido yakan yi ta tsalle tsakaninsu yana neman wanda zai bi, kuma wannan tsallen ne mutum yake ji a matsayin nauyin kai. Daga nan na raba kayan gida-gida bisa dangantakarsu. Sadu da tumtum da faifai da taurarin silin duk 'yan gida ɗaya ne, domin an gina su a kan layi da kusurwa. Kafet da takardar bango da kwallaye 'yan gidan fure ne. Rinin shuni da'ira ne, atamfa kuma hoto ce, ita kaɗai a danginta.

A nan ne na yi kuskuren da ya kusa ɓata aikin gaba ɗaya, kuma ina ganin ya dace in bayyana shi dalla-dalla, domin kuskure ne da masu sana'armu suke yawan yi. Da na ga yawan zane ne matsalar, sai na ɗauka ragewa ce kawai maganin. Na ba da shawara aka naɗe kafet, aka sauke labule da faya-fayai da rinin shuni, aka kai tumtum ɗakin yara, na kuma yafa wa jalsa yadi mai launin madara don a gwada. Matar Yaya ta ji daɗin sararin da aka samu, ni ma a ranar na ji daɗi. Goggo ba ta ce komai ba, ta leƙa sau ɗaya ta koma ɗakinta, kuma mako guda cur ba ta sake zama a majalisar ba, har baƙinta ma a gefen gadonta take karɓarsu. Da na je gaishe ta na durƙusa na tambaye ta ko akwai abin da bai yi mata ba, sai ta ce, “'Yar nan, aikinki ya yi tsabta, Allah Ya yi albarka. Amma ɗakin nan yanzu ko na wane ne, ba nawa ba ne. Idan na shiga sai in ji kamar na je jiran likita.” Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Na kawar da hayaniya, amma na haɗa da duk abin da yake shaida cewa wata mace daga Kano ta yi shekara arba'in tana riƙe da gida a wannan ƙasa.

Mafita ta fito ne daga akwatin marigayi. Washegari Goggo tana shanya tufafinsa kamar yadda take yi lokaci-lokaci saboda laimar Jidda, sai na ga babbar rigarsa ta shadda mai aikin aska takwas a shimfiɗe a kan gado. Duk wanda ya san babbar riga ya san cewa aikin ba ya rufe ta duka. Yana taruwa ne a wuya da aljihu, a ɓangaren hagu na ƙirji, inda asake suke sauka da tsininsu, sai tambari a ɗaya gefen da kuma a baya, sauran rigar kuwa, wadda ta fi aikin faɗi ninki-ba-ninki, ana barin ta haka nan ba a taɓa ta. Na nuna wa Goggo wannan, na ce, “Goggo, da mai ɗinkin nan ya bi rigar nan da aiki tun daga wuya har ƙasa, gaba da baya, da Baba zai sa ta?” Ta yi murmushi ta ce ai da ta zama kayan wasa. Na ce to haka ɗaki yake, yana son wurin da ado zai taru ya yi yawa har ya ƙayatar, yana kuma son fili da za a bari don adon ya fito. Ita da kanta ta ƙara da cewa haka magina suke yi a Kano da Zariya, inda zanen gida yake taruwa a fuskar zaure da kewayen ƙofa, sauran katanga kuma a bar ta da yaɓenta. Daga wannan hira ne muka daina maganar abin da za a fitar, muka koma maganar inda kowane abu zai zauna.

Tun da ba a sarki biyu a gari ɗaya, sai da muka zaɓi zanen da zai shugabanci ɗakin. Na zaɓi rinin shuni, kuma dalilaina uku ne. Shi ne mafi girman zane a cikin kayan, domin babbar da'irar da ke tsakiyarsa ta haura kamu guda, da ƙananan da'irori suna kewaye da ita. Launinsa biyu ne kacal, shuɗi mai duhu da fari, don haka yana da ƙarfi ba tare da surutu ba. Sannan Goggo da hannunta ta sayo shi a marinar Ƙofar Mata a wata ziyara da ta kai gida, wanda ya sa ba wanda zai yi jayayya da matsayinsa. Muka ba shi bangon yamma shi kaɗai, wanda shi ne ido yake fara kaiwa gare shi idan an shigo. Sadu ya zama waziri: na bar shi a majingina da matasan dafa hannu, na ɗinka wa katifun zama riga marar zane mai launin jar ƙasa, wanda na ɗauko daga cikin layukan sadun kansa. Da wannan kaɗai yawan sadu ya ragu da kusan rabi, kuma abin mamaki sai ya fi fitowa, har matar Yaya ta ce yanzu ne take ganin dala-dalansa ɗaya bayan ɗaya. Faya-fayai tara, maimakon a warwatse, muka tara su a tsakiyar bangon arewa, kusa da juna da tazarar yatsu uku, manya a tsakiya ƙanana a gefe, ta yadda daga nesa ido yake ɗaukarsu abu guda. Haka aka sami tsani mai hawa uku: babban zane a rini, matsakaici a sadu, ƙarami a faifai da tumtum. Launukan da suka ɗaure su kuwa su ne jar ƙasa, da duhun shuni wanda yake tafiya da baƙin sadu, da farin madara.

Batun labulen atamfa shi ne mafi wuya, kuma a kansa muka fi daɗewa. Marigayi ne ya sayo turamen a Kantin Kwari, Goggo ta ɗaura ɗaya, ta ajiye biyu shekaru masu yawa, sai bayan rasuwarsa ta mayar da su labule don ta riƙa ganinsu kullum. Ta fuskar sana'a hukuncin a bayyane yake, domin kore da rawaya ba sa cikin launukan da muka zaɓa, kuma tsuntsayen suna gasa da kowane zane a ɗakin. Amma ban iya faɗin haka ba, kuma matar Yaya, wadda kunyar suruka ta hana ta ko ɗaga ido a kan maganar, ta fi ni shiru. Abin da ya warware lamarin shi ne alƙibla. Makka tana gabas da Jidda, saboda haka a nan ma, kamar a Kano, gabas ake fuskanta, kuma tagar tana bangon gabas, wato duk mai salla a majalisar tsuntsayen suna gabansa. Wata rana bayan la'asar Goggo ta sallame ta ce mini, da muryar da ba ta so kowa ya ji, ta kama kanta tana ƙirga tsuntsaye a raka'a ta uku. Na tuna mata hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Anas, cewa Nana A'isha tana da wani labule mai zane da ta rufe gefen ɗakinta da shi, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta da ta kawar da shi domin zanensa yana gitta masa a cikin salla. Akwai kuma ruwayar mayafin nan mai ado da ya mayar wa Abu Jahm saboda ya shagaltar da shi, da ruwayar da Nana A'isha ta yanka wani labule mai hotuna ta yi matasai da shi. Goggo ta san waɗannan hadisai tun kafin a haife ni, abin da take buƙata kawai shi ne wani ya nuna mata hanyar da atamfar za ta ci gaba da zama a ɗakin.

Ita ta fara sa almakashi, ban yarda in riga ta ba. Na ɗinka matasai biyu ƙanana daga turmi ɗaya, na kewaye su da bakin yadi mai duhun shuni mai faɗin yatsu biyu, domin irin wannan iyaka tana tsare zane mai ƙarfi ta hana shi malala kan maƙwabcinsa. Ɗayan turmin ta ninke shi ta mayar akwati. Saura matsalar kore da rawaya, waɗanda har yanzu baƙi ne a ɗakin. Abin da na koya a wannan sana'a shi ne launin da ya bayyana sau ɗaya tak yakan zama kamar kuskure, amma idan ya bayyana a wurare uku masu bambancin tsayi sai ya zama kamar da gangan aka yi. Da na duba da kyau sai na ga akwai kore a fatar tumtum, akwai kuma kore da rawaya a saƙar faya-fayai huɗu daga cikin taran. Muka ajiye matasan a jalsar bangon arewa, daidai ƙarƙashin faya-fayan, muka kawo tumtum biyu masu kore gabansu, sai launin ya sauko daga bango zuwa kujera zuwa ƙasa a layi ɗaya. Wurin nan ne ya zama mazaunin Goggo, kuma jikokinta sun san ba a hawa matasan tsuntsaye. Tagar kuwa na yi mata labule mai launin madara, marar zane ko ɗaya, mai shafi biyu, bangon gabas ya zama fili tsantsa. Allon Ayatul Kursiyyu muka ɗaga shi sama da ƙofa a bangon kudu, inda ba wanda zai jingina da shi ko ya miƙe ƙafa gare shi.

Takardar bango da silin ba mallakar iyalin ba ne, don haka sai da Yaya ya nemi izinin mai benen. Ya yarda a ɓare takardar a shafa fenti, amma ya ƙi a taɓa jibs. Wannan ƙin nasa ya zame mana alheri. Muka shafe taurarin da farin fenti iri ɗaya da na sauran silin, muka cire fitilar mai canza launi muka sa mai haske ɗaya mai ɗumi, sai taurarin suka koma zane na inuwa kawai, wanda ba ya kiran ido sai mutum ya ɗaga kai da kansa. Wanda ya taɓa yawo a Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya ga irin wannan a rawashin, wato tagogin katako da suke fitowa daga jikin tsofaffin gidaje irin Gidan Nasif. Sassaƙarsu tana da yawa matuƙa, amma da yake kowace taga launi ɗaya ce, haske da inuwa ne suke fito da adon, shi ya sa ba ta gajiyar da mai kallo. Tayil ɗin kuwa bai ba mu wahala ba, shimfiɗa ta rufe shi.

Da aiki ya fara kyau sai matar Yaya ta kawo wata shawara. Ta taɓa zuwa Abha da Rijal Alma a lokacin hutu, ta ga ƙaɗɗul Asiri, zanen da matan yankin Asir suke yi wa bangon ɗakunan baƙi da launuka masu haske a kan farin jibs, wanda shi ma ya shiga jerin UNESCO a 2017, sai ta so a zagaye ɗakin da ɗamararsa a saman jalsa. Na ce mata, “Anti, zanen nan yana da kyau ƙwarai, amma a gidajen da kika gan shi bango ne sarki, sauran kaya suna bin sa. Idan muka kawo shi nan, sai dai mu sauke rinin Goggo.” Ba ta sake tayar da maganar ba, daga baya ta sayo faranti da ƙananan kofunan gahawa masu wannan zane, waɗanda suke shigowa da baƙi su fita da baƙi, kuma a ganina wannan ne daidai gwargwadon da ɗakin zai iya ɗauka. Jan kafet kuwa bai dawo ba. Tambarinsa zai yi takara da da'irar rini, furanninsa kuma ba su da dangi a tsarin da muka gina. Yaya bai ji daɗi ba da farko, domin shi ya kashe kuɗinsa, amma da Goggo, wadda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce a kai wa yaron nan kafet ɗinsa ɗakin kwanansa inda zai fi jin daɗinsa, magana ta ƙare. Daga kasuwar Sawarik da ke kudancin birni aka samo shimfiɗa mai launin yashi da siririn baƙin layi a gefe.

Bayan an gama, matsaloli biyu sun taso waɗanda ban hango ba. Na farko, na rataya rinin ƙasa da yadda ya kamata, har gefensa yana taɓa kan mai zama, kuma shunin gargajiya yana zuba idan an goga shi. A ranar Juma'ar farko wani abokin Yaya ya jingina, ya tashi da shuɗi a farar jallabiyarsa da hiraminsa. Na sauke rinin, na yi masa shafi da farin yadi a baya don kada ya rina sabon fenti, na ɗora shi a kan sanda, na ɗaga shi taƙi biyu sama da kan mutum mai tsayi idan yana zaune. Na biyu, bangon yamma yana kallon tagar gabas kai tsaye, hantsin Jidda kuma ba ya tausayin launi, don haka aka yi ƙa'ida cewa ba a yaye labule mai kauri sai rana ta ɗaga daga kan tagar. Tumtum su ma suna shan wahala tsakanin laimar teku da bushewar na'urar sanyaya ɗaki, har fatar ɗaya ta fara tsagewa a wurin ɗinki, sai Goggo ta koma shafa musu man kaɗe kaɗan-kaɗan duk wata, muka kuma janye su daga ƙarƙashin iskar na'urar.

Abu ɗaya ne har yau ba mu daidaita a kansa ba, wato kabad ɗin kwallaye. A ra'ayina furanninsu su ne zane na ƙarshe da ya rage daga gidan fure, ba su da abokin tafiya a ɗakin, gilashin kabad ɗin kuma yana mayar da haske yana ɗauke ido daga rini. Na ba da shawarar a kai shi zauren shiga gida, inda zai tsaya shi kaɗai ya yi kwarjini. Goggo ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mahaifiyarta ce ta jera mata waɗannan kwallaye da hannunta a daren tarewarta a Kano, kuma matuƙar tana raye a ɗakin baƙi za su zauna. Abin da kawai ta amince da shi shi ne a rage su daga hawa biyar zuwa uku, a fito da masu ja da fari gaba, a mayar da masu ruwan hoda da shuɗi mai haske baya. Har yanzu idan na tsaya a bakin ƙofa idona yana karkata zuwa wannan kusurwa fiye da yadda nake so, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai na lura cewa tsofaffin matan da suke zuwa gaishe ta, musamman alhazan da suka zo daga gida, wurin kabad ɗin suke fara tsayawa, suna nuna irin wadda uwayensu suka yi musu jere da ita. A azumin da ya wuce mutum goma sha huɗu suka yi buɗa-baki a majalisar, suka yi sallar magariba suna fuskantar farin labule, kuma Goggo ta zauna a mazauninta har bayan isha'i. Kwanan nan ta aika Kano a sayo mata ƙarin faya-fayai uku ta hannun wata mai zuwa Umara. Na auna bangon arewa, na tarar tarin da muka yi zai ɗauki guda biyu ba tare da ya taɓa kan majingina ba, na ukun kuma mun shirya da matar Yaya za a riƙa rufe farantin dabino da shi.